Me ya kai siffofin masoya jikin haikalin Hindu?

Ɗalibin Zane, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Malamai, an ba mu aiki a aji kan haikalan Khajuraho na Indiya. Me ya sa aka sassaƙa masoya a wurin bauta, kuma a ina ake sa su?

Injiniya, Argungu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da tsarin ginin. Kan dandamali mai tsawo ake ɗora shi. Ka hau matakala, ka ratsa zauren taro, mandapa, sai wani ɗan lungu, sannan ɗakin gunki, garbhagriha, ƙarami mai duhu. A kansa hasumiya ta tashi. Kamar dai zaure, shigifa, sai cikin gida.

Yawancin masoyan a bangon waje suke, waɗanda suka fi fito da sha'awa fili kuwa daidai inda zaure ya haɗu da ɗakin gunki. Wasu masana na ganin haɗuwar ɗakunan biyu aka kwatanta da haɗuwar mace da namiji. Kuma a addinin Hindu sha'awa, wadda suke kira "kama", ɗaya ce daga manufofin rayuwa huɗu. Kada hotunan intanet su ruɗe ka: siffofin masoya kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai na sassaƙen, sauran gumaka ne, makaɗa, mayaƙa, mata na shafa kwalli. Sarakunan daular Chandela suka gina yawancin haikalan tsakanin 950 da 1050.

Mai Gini, Gusau:
Ranka ya daɗe, a ƙara masa batun dutse. A Khajuraho ba siminti: ana fafe rami a wani dutse, a fitar da harshe a wani, nauyi ya riƙe su. Haikalin Konark kuwa, shi ma a Indiya, da Sarki Narasimhadeva na ɗaya ya gina wajen 1250 da siffar keken doki mai tayoyi 24, yana kusa da teku. Iska mai gishiri ta ci dutsen, ƙarafan ɗauri suka yi tsatsa suka tsaga shi. Babbar hasumiyar ta rushe, a 1903 Turawa suka cika zauren da yashi don kada rufin ya rufta.

Malama, Yauri:
Ɗana, kada ka tsaya kan sassaƙa. A haikalin Meenakshi na birnin Madurai a Indiya, aure ake ɗaura wa gumaka biyu, Meenakshi da mijinta, duk shekara a bikin Chithirai, wajen Afrilu. Kowane dare kuma ana ɗaukar gunkin mijin, Sundareswarar, zuwa ɗakin matar. Don haka in za ka zana wannan haikalin, nuna hanyar da masu ɗaukarsa ke bi tsakanin ɗakunan biyu.