Ware gurabe a Indiya: asali ya kamata a duba, ko aljihu?

Hajiya Rabi:
Assalamu alaikum. Ɗana yana karatun harhaɗa magunguna a Indiya, kuma ya ba ni labarin abokan ɗakinsa biyu da ba sa rabuwa da gardama. Ɗaya ɗan Dalit ne, wato zuri'o'in da aka mayar ƙasan kowa a tsarin asali na Indiya, mahaifinsa babban ma'aikacin gwamnati, ya samu gurbin karatu ta kason da aka ware wa mutanensu. Ɗayan daga zuri'ar Brahmin yake, wadda ake ɗauka mafi daraja a wannan tsari, amma mahaifinsa dafa abinci yake yi a gidajen biki. Ina neman masana su fahimtar da ni, wane adalci ke cikin fifita ɗan mai hali a kan ɗan talaka saboda asali kawai?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Tun farko ba don maganin talauci aka kafa wannan tsari ba, don maganin wulaƙancin gado aka kafa shi. Kundin tsarin mulkin Indiya na 1950, wanda B. R. Ambedkar ya jagoranci rubuta shi, ya haramta ƙyamar da ake yi wa 'yan Dalit, mutanen da aka daɗe ana hana su ɗiban ruwa a rijiyar gari da shiga wuraren ibada. A guraben gwamnatin tarayya an ware musu kashi 15 cikin ɗari, ƙabilu 'yan asali kashi 7.5, sannan a 1990 Firaminista V. P. Singh ya karɓi shawarar kwamitin Mandal ya ba sauran rukunan da aka bari a baya kashi 27 na ayyukan gwamnati. Talakan Brahmin yana iya yin arziki ya rabu da damuwarsa, amma ɗan Dalit ko ya zama likita, mai gidan haya yana iya jin sunan zuri'arsa ya ce ɗakin an kama.

Dakta Maryam:
Malam, ban musa wannan tarihi ba, sai dai tambayar Hajiya tana nan daram. A hukuncin Indra Sawhney na 1992 Kotun Ƙoli da kanta ta ce a cire masu hali daga kason kashi 27 ɗin, amma 'yan Dalit ba a gindaya musu wannan sharaɗi ba, shi ya sa gidajen da suka riga suka haye ke ci gaba da cin gajiyar, mai sharar titi kuwa yana kallo. Ɗan mai dafa abincin ma yanzu yana da ƙofa, domin a 2019 an gyara kundin an ware kashi 10 ga marasa ƙarfi daga manyan zuri'o'i, kuma kotun ta tabbatar da gyaran a 2022 da rinjayen alƙalai 3 a kan 2.

Malam Bashir:
Gaskiya ne, Dakta, amma dubi ma'aunin da aka sa: iyalin da samunsu bai kai rupi 800,000 a shekara ba, in dai ba su mallaki babbar gona ko babban gida ba, ana kiransu marasa ƙarfi, alhali yawancin gidajen Indiya ba sa ganin wannan kuɗi. Talakan Dalit kuma an hana shi shiga wannan kason gaba ɗaya. Ƙari a kan haka, a ƙasar da galibin mutane ke sana'ar da ba ta da takardar albashi, ɓoye samu ya fi ɓoye asali sauƙi.

Alhaji Garba:
Hajiya, mu ma a Najeriya muna da irin tamu, domin jami'o'in tarayya suna ware kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi, kuma ba a tambayar ko ɗan kwamishina ne ya cike gurbin ko ɗan manomi. Ni da za a bi ta tawa, asali ya buɗe ƙofar, sannan aljihu ya tantance wanda zai fara shiga.