Muhawara: Wai mahaifin Madhubala ne ya cinye mata rayuwa?

Maman Biyu:
Salam 'yan uwa. Jiya da daddare na sake kallon fim ɗin Indiya Mughal-e-Azam, wanda aka sa wa kala ɗin nan a 2004, wlh har na kwanta jarumar fim ɗin Madhubala na raina. Ni fa abin da na yarda da shi shi ne babanta Ataullah Khan shi ya cinye mata rayuwa tun kafin ciwon zuciya ya ƙarasa ta. Yarinya tana shekara 9 ka kai ta gaban kyamara a 1942, tana 14 an ba ta jaruma tare da Raj Kapoor, ita ce cin gidan ita ce suturar gidan, sannan da ta samu wanda take so wato Dilip Kumar ka shiga tsakani. Ta rasu a 1969 tana da shekara 36 kacal. Duk mai ja ya zo mu yi.

Tsohon Ɗan Silima:
Wa alaikumus salam 'yata. Ni ina da ja. Mu da muka sha layin tikiti a Plaza da Orion a Kano muna son matar nan fiye da yadda kike zato, amma ki yi wa mutumin adalci. Ma'aikacin kamfanin taba ne aikin ya kuɓuce masa, ga 'ya'ya goma sha ɗaya da Allah ya ba shi wasu sun rasu tun suna ƙanana saboda halin rashi, ya kwaso iyali daga Delhi zuwa Bombay neman abin sawa a baki. A 1944 jirgin ruwa mai ɗauke da nakiya ya fashe a tashar jiragen ruwan Bombay, ɗan gidan da suke ciki ya tafi, abin da ya tsirar da su sun fita kallon fim a lokacin. Mutumin da ya ga wannan ne za ki ce don son kuɗi ya kai 'yarsa aiki? Yunwa ce 'yata, kuma wanda bai kwana da ita ba bai san ta ba.

Maman Biyu:
Baba na ji, na kuma yarda da 1942 da 1944. To 1956 fa? Lokacin ai tana cikin jarumai mata mafi tsada a Indiya, tun fim ɗin Mahal na 1949 sunanta ya gama gari, wace yunwa ce ta rage a gidan?

Tsohon Ɗan Silima:
Maganar fim ɗin Naya Daur kike nufi ko. Darakta B.R. Chopra ya ce za a tafi lokeshan wajen Bhopal a yi makonni ana ɗauka, kuma jarumin fim ɗin shi ne Dilip Kumar, saurayin da ke neman ta. Ni na aurar da 'ya'ya mata, ki gaya min uban da zai sa hannu a kan wannan tafiya ba a ɗaura aure ba. Ga shi kuma yarinyar ba lafiya ce da ita ba.

Ɗan Fage:
Baba da Anti ku yi haƙuri, ni duk kun bar mai laifin a gefe. Chopra ya kai ƙara kotu saboda ta karɓi kafin alƙalami ba ta je aiki ba, wannan haƙƙinsa ne, amma waye ya tashi ya ba da shaida a kan ta da ubanta? Dilip Kumar, mutumin da suke tare tun fim ɗin Tarana a 1951. Ka ce kana son mace sannan ka tsaya gaban alƙali ka kunyata mahaifinta duniya na karantawa a jarida, aka cire ta aka sa Vyjayanthimala shi kuma ya ci gaba da fim ɗinsa. Ƙanwarta Madhur Bhushan ta sha faɗa a hira cewa abu ɗaya Madhubala ta roƙe shi, ya je ya ba babanta haƙuri, ya ƙi. Haƙuri fa kawai. A nan wajenmu ko kai ne da gaskiya ai ka durƙusa wa surukinka.

Maman Biyu:
Ɗan Fage ka karanta ɓangaren shi Dilip ɗin kuwa? A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2014 ya ce uban bai ƙi auren ba, so yake ya mayar da auren kasuwanci, su biyun su dawo suna yin fim a ƙarƙashin kamfaninsa. Wato 'ya ɗaya ba ta isa ba sai an haɗa da siriki. Wannan shi ne ainihin abin da ke ci min rai, da don tsare mutuncinta ya hana da ban ce komai ba.

Ɗan Fage:
Anti wannan bakin mutum ɗaya ne, kuma ya rubuta shi ne bayan ita da uban duk sun bar duniya babu mai mayar masa da martani.

Nas Mai Dare:
Ku ba ni dama in sa baki ta ɓangaren aikina don ina ganin ana ta wuce ciwon kamar ƙaramin abu. Da shi aka haife ta, huji ne a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasan zuciya, jini na ratsawa ta hujin yana yi wa huhu yawa, shekara da shekaru har jijiyoyin huhun su lalace. Yau ana gano shi tun yaro na goye a yi tiyata ya tashi lafiya lau. Amma a zamaninta sai a 1954 aka fara samun nasarar toshe irin wannan hujin a Amurka, kuma a shekarar ce ita ta yi aman jini a Madras tana tsakiyar aiki. Da ta je Landan a 1960 bayan aurenta da mawaƙi kuma jarumi Kishore Kumar likitoci ba su yi mata aikin ba, suka ce shekara biyu ta rage mata, Allah ya ba ta tara. Don haka Maman Biyu ko Dilip ta aura ko waye, ciwon nan yana nan, ba uba ne ya sa mata ba.

Amma Baba kai ma ban sake ka ba. Ka ce ya hana ta tafiya Bhopal har da dalilin rashin lafiya, to bayan aman jinin 1954 fim nawa ta yi? Mr. & Mrs. '55, Howrah Bridge, Chalti Ka Naam Gaadi, ga rawa ga tsalle, sannan a Mughal-e-Azam darakta K. Asif ya sa mata sarƙoƙin ƙarfe na gaske masu nauyi tana ja tana faɗuwa a matsayin Anarkali. Mai irin wannan zuciyar ko bokitin ruwa muna hana shi ɗauka. In lafiyarta ce damuwar ai nan ya kamata a ji muryar uba.

Tsohon Ɗan Silima:
Nas wannan kin kama ni, ba ni da amsar sarƙoƙin nan. Duk sanda na ga wurin a fim sai na kau da kai.

Malama Ta Adabi:
Ni abin da ke damuna da muhawarar nan tun farko kowa na magana kamar ita ba ta da ta cewa, uba ya yi, Dilip ya yi, darakta ya yi. Mumtaz Jehan fa, sunanta na yanka kenan, mace ce da ta kai shekara 27 lokacin da Mughal-e-Azam ya fito, ta yi fim sama da 60, ta shirya fim da kamfaninta, a 1952 wata mujallar Amurka ta yi dogon rubutu a kanta tana kiran ta babbar tauraruwar duniya. Da aka ce ta zaɓa tsakanin ubanta da masoyinta ita ta zaɓi uban da hankalinta. Za ku iya cewa zaɓin ya cutar da ita, ni ma ina ganin haka, amma kar mu ƙwace mata shi mu mayar da ita abar tausayi kawai. Kuma ku duba yadda take ba da dariya a finafinanta da Kishore, wanda aka tilasta wa aiki ba ya wasa haka, matar nan tana son sana'arta. Abin takaicin ma sau ɗaya tak aka sa sunanta a takarar kyautar finafinan Indiya ta Filmfare, a kan Anarkali, kuma Bina Rai ce ta ɗauka.

Maman Biyu:
Malama zaɓi ai sai wanda ya san akwai wata hanya. Yarinyar da ba a sa ta makarantar boko ba, tun tana 9 an nuna mata in ba ta fita aiki ba tukunya ba za ta hau wuta ba, ba ta zuwa biki ba ta zuwa taron 'yan fim daga sutudiyo sai gida, ta yaya ranar da ta girma za ta iya kallon uban ta ce a'a? Ina da 'ya'ya mata biyu shi ya sa abin ke taɓa ni haka.

Tsohon Ɗan Silima:
To 'yata ki ƙara da wannan a lissafinki. Da ciwo ya kwantar da ita, ita ƙanwar tata ta ce Kishore gida ya saya mata a Bombay ya bar ta da nas da direba yana leƙowa jefi-jefi, Dilip kuma ya auri Saira Banu a 1966. Gidan wa ta koma ta yi jinyar shekarun nan har ranar 23 ga Fabrairu 1969, kwana tara bayan ta cika 36? Gidan Ataullah Khan. Allah ya jiƙanta ya gafarta mata.

Maman Biyu:
Amin Baba. Na janye maganar cewa ya fi ciwon cutar da ita, bayanin Nas ya gamsar da ni a nan. Amma gidan da ta koma ɗin ma da guminta aka same shi, kuma har yanzu ba wanda ya amsa min dalilin da ya sa aka hana ta Bhopal aka bar ta da sarƙoƙin K. Asif.

Ɗan Fage:
Ni ma ba wanda ya amsa min maganar haƙurin da Dilip ya ƙi bayarwa.