Me ya sa zuciyata ke karaya da kalangu bayan hannuna ya fara faɗawa?

Mai Koyo, Daura:
Assalamu alaikum. Ina koyon kalangu a wajen kawuna, kuma akwai abin da ke damuna. Da farko kullum cikin ɗoki nake, domin duk abin da aka nuna mini da safe, kafin magariba na kama shi. Yanzu kuwa idan na matsa tsarkiya (igiyoyin da ke jan fatar kalangu) a hammata na sauke gula (sandar kiɗa), sai in ji sautin ya fito a karkace, har taken da nake ganin na iya ya zame mini baƙo. Ɗokin yakan dawo, sannan ya sake gushewa. Shin haka kowa yake fama, ko ni ne ba ni da rabo a sana'ar?

Tsohon Makaɗi, Katsina:
Wa alaikumus salam. Ɗana, hannunka bai koma baya ba, kunnenka ne ya buɗe. Kalangu magana yake yi, domin matsa tsarkiya da sassauta ta ne ke ɗaga sauti da saukar da shi yadda muryar Bahaushe ke hawa da sauka, kuma sabon hannu ba ya jin inda ya kauce. Ranar da ya fara ji, ranar damuwarsa ke somawa, alhali kuwa ci gaba ya samu. Wannan ne ya sa a gidajen kiɗa akan fara rataya wa yaro kanzagi ko kuntuku, wato ƙananan gangunan da ke rakiyar kalangu, ya yi ta riƙe bugu ɗaya a bayan manya har hannu ya daina jiran umarnin zuciya. Ka koma can na ɗan lokaci, ka rage sauri, ka riƙa furta take da baki kafin ka buga shi. Kuma ka shirya, domin wannan karayar za ta sake zuwa duk lokacin da kunnen ya ƙara gaba.

Ɗan Gidan Ganga:
Baba ya yi gaskiya, amma ɗan'uwa ka duba fatar ma. Da damina takan sha laima ta saki, da hunturu kuma ta bushe ta ɗaure, sai mai koyo ya ɗora wa kansa laifin da na yanayi ne.

Mai Koyo, Daura:
Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Kawuna yana so in bi su lokacin Sallar Gani, ni kuwa tsoron kunya a bainar jama'a ya sa nake ta kauce wa maganar.

Tsohon Makaɗi, Katsina:
Ka bi su, amma da kuntuku. Ka tsaya daf da kawunka, idonka a kan gwiwar hannunsa, ka lura da lokacin da yake matsawa da lokacin da yake saki.