Soja da bindigar da ba ta cikin littafi: wa ya taɓa kai ƙara?

Mai Shago, Gadarif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 bindiga ta cika gari, kuma da yawan masu yawo da ita kaki ne a jikinsu. Wanda yake bakin aiki ba mu da ta cewa. Maganata a kan wanda ya zo hutu ne, ko ya baro rundunarsa, yana da kilash (bindigar AK-47) a ƙarƙashin gado wadda hukuma ba ta san da zamanta ba. Duk wanda abin ya taɓa faɗowa kansa ya ba mu labari. Wajen shurɗa ('yan sanda) ake zuwa ko wajen soja? Don Allah kada a kama sunan kowa.

Uwar Marayu, Damazin:
Wa alaikumus salam. Bikin maƙwabta ake yi, wani ɗan'uwan ango, soja ne da ya zo hutu, ya hau harbi sama wai murna yake. 'Yata tana ɗakin girki tana jera kofunan shayi a faranti. Harsashi ya huda kwanon rufi ya sauka mata a kafaɗa. Ba ta ma yi ihu ba, farantin kawai na ji ya tarwatse, na shiga na tarar da ita zaune tana kallon jini yana bin hannun rigarta.

An rubuta mana balag, wato takardar ƙara ta 'yan sanda, amma da aka ji soja ne sai aka ce mu jira. Kafin mu ankara dattawan unguwa sun cika zaure, a yi haƙuri, a yi sulhu. Sun biya kuɗin magani, ban hana musu wannan ba. Abin da ke ci mini rai, bindigar tana nan a gidan. Mu da muka ga rikicin ƙabilanci da ya faru a Rusairis cikin Yulin 2022, da na Wad al-Mahi a Oktoba, ba sai an gaya mana aikin makami a hannun mai fushi ba.

Tsohon Saje, Sinnar:
Allah ya ƙara mata lafiya, Hajiya. Bari in raba muku abin gida biyu. Akwai bindigar da aka ba soja daga ma'ajiya: tana da lamba, ya sa hannu ya karɓa, harsashinta a ƙirge yake. A zamaninmu in za ka tafi hutu sai ka mayar da ita tukuna. In ta ɓata ko ka sayar, dokar sojoji ta 2007 ce za ta hau kanka, kuma kotun soja ba ta jan ƙafa a kan wannan. Na ga yaron da ya sayar da harsashi. A gaban fareti aka karanta masa hukunci, ɗauri da kora daga aiki, yana tsaye hularsa a hannu.

Ta biyun ita ce wadda ya tsinta a fagen daga ko ya saya. Wannan ba tasa ba ce, miƙa ta ake yi. Dokar makamai ta 1986 ta ce sai da lasisi, kuma kaki ba lasisi ba ne. Ku riƙe lambar balag, ku nemo cikakken sunansa da rundunarsa, ku kai wa 'yan sandan soja. Kwamanda mai hankali ba ya son makamin da ba ya cikin littafinsa, domin ran da ya yi ɓarna shi za a fara tambaya.

Ɗan Raksha, Wad Madani:
Baba Saje gaskiya ya faɗa. Bayan da sojoji suka karɓo garin daga hannun dakarun RSF da suke yaƙi da su a Janairun 2025 na dawo aikin tuƙa raksha, wato keke mai ƙafa uku. Akwai wani mai wandon soja da silifa, gurneti rataye a ƙugu, kullum sai ya hau ya sauka ba ko sisi, in ka yi magana ya shafa ƙugun. Mu direbobi muka haɗu muka kai maganar tare. Ashe gudowa ya yi daga aiki, ana ma nemansa. A bakin kasuwa aka jefa shi mota. Da ni kaɗai ne da ban je ba, tsoro ba zai bar ni ba.

'Yar Maiurno:
Ni ta ɗaya gefen nake. Ƙanena yana cikin mustanfarin, 'yan sa-kai ɗin nan. Ya dawo da bindiga nannaɗe a bargo, ya ce ganima ce. Baba ya ce ba za ta kwana a gidansa ba. Shi kuma yana kuka yana cewa, lokacin da garin Sinja ya faɗa hannun RSF a Yunin 2024 wa ya tsaya mana? Wallahi ban ga laifin tambayarsa ba. Amma yara sun fi goma a gidan. Baba ya sa shi gaba har sansani, aka karɓa, aka ba su takarda. Har yau ba su gama shiryawa ba.

Lauya, Bur Sudan:
Baba ya cece shi, 'yar'uwa. A Agustan 2025 shugaban sojoji Burhan ya sa duk dakarun da ke taimaka wa soja ƙarƙashin dokar 2007, don haka ɗan sa-kai ma kotun soja na iya kiransa.

Jiran da aka sa Hajiya, kariyar nan ce ta hasana: ba a gurfanar da soja kan abin da ya yi a bakin aiki sai an sami izini daga sama. To harbin biki ba aiki ba ne. Sai dai takarda kan daɗe tsakanin ofis da ofis har mai ƙara ya gaji. Abin da ke ba ni takaici, gyaran da aka yi wa dokar sojoji a 2013 ya buɗe hanyar kai farar hula kotun soja, amma kawo soja gaban alƙalin gari har yanzu da wahala.

Uwar Marayu, Damazin:
Malam Lauya, tunda mun karɓi sulhu, shi ke nan maganar ta mutu?

Lauya, Bur Sudan:
A'a, Hajiya. Haƙƙin raunin ne kuka yafe. Riƙe makami ba lasisi haƙƙin hukuma ne, dattawa ba su da ikon yafe shi. Ki nemo urnik 8, wato fom ɗin rauni da likita ya cike ranar, ki haɗa da lambar balag, ki tafi niyaba, ofishin masu gabatar da ƙara, tare da wani babba namiji daga danginku. Ki ce a kan bindigar kika zo, a tambaye shi lambarta da wanda ya ba shi.