Kumburin ciki ya ƙi tafiya: firobayotik zai yi min magani?

Tela daga Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da na yi wata muguwar gudawa bayan wani biki, tun daga nan cikina bai koma daidai ba. In na karya da ƙosai, kafin azahar ya kumbura har sai na sassauta mazagin wando a kan keken ɗinki. Yau zawo, gobe kwana uku shiru. Mai kemis kullum taifot yake cewa, Flagyl kuwa na sha ba adadi. A asibiti, bayan gwaje-gwaje, likita ta ce IBS ne: hanjin ba ciwo a ido, aikinsa ne ya rikice. Ƙanwata ta ce in sayi firobayotik. Tsada gare shi, shi ya sa nake tambaya.

Maman 'yan biyu:
Wa alaikumus salam. Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ni kindirmo nake sha da safe, na ji dama-dama. Amma ɗanyar madara ko ta gari, ina sha cikin zai hau ƙugi.

Ma'aikacin jinya:
Malam, fara da daina shan Flagyl ba da umarnin likita ba. Hanji cike yake da bakteriya masu taya mu narka abinci, shi kuma Flagyl kashe bakteriya yake, ba ya tambayar wace ce ta kirki. Labarinka ba baƙo ba ne: kusan mutum ɗaya cikin goma da suka yi gudawa mai tsanani, IBS kan biyo baya.

Firobayotik irin waɗannan bakteriyar ne da rai, galibi Lactobacillus da Bifidobacterium. Su kansu likitoci bakinsu bai zo ɗaya ba. A 2020 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ce hujjar ba ta isa ba. Ta Birtaniya kuma a 2021 ta ce a gwada har mako 12, in ba canji a bari. Ni dai shawarata: ka tsaya kan iri ɗaya, ka duba ranar ƙarewarsa, kada ka ajiye shi a shago cikin zafi.

Ƙosan nan na fi zargi. Wake, albasa, tafarnuwa da alkama suna da sinadaran da bakteriya ke ruɓarwa su cika ciki da iska. Jami'ar Monash ta Ostireliya ce ta tsara yadda ake rage su na 'yan makonni, sannan a dawo da su ɗaya-ɗaya. In ka ga jini a bayan gida ko kana ramewa, koma asibiti nan take.

Tela daga Sabon Gari:
Na gode ƙwarai. Wake zan iya haƙura. Albasa ce rigimar, sai na lallaɓi uwargida ta riƙa raba min tukunyar miya.