Hedifon mai tsada: sauti ake saya ko suna?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawara kafin in zo ina cizon yatsa. Aikina haɗa bidiyon biki ne, a shago nake yi, kuma janaretan maƙwabcina mai walda ba ya hutawa daga safe har magariba. Na ɗan tara wani abu, sai abokina ya hana ni sakat wai in sayi hedifon Beats, shi ne na manya, 'yan ƙwallo ma shi suke ratayawa a wuya. Ni kuwa har yanzu iyafis ɗin Oraimo nake lallaɓawa. Tsadar nan akwai abin da take ƙara wa kunne, ko ado ne kawai?

Injiniya Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam. Malam, kaso mai tsoka na kuɗin nan suna ne. Dala biliyan 3 Apple ya biya ya sayi kamfanin Beats a 2014, kuma kowa ya san farin jinin sunan na cikin abin da ya saya. Amma ba duka ne ado ba. Fasahar kashe hayaniya gaskiya ce: ƙananan makirfo ne ke jin ƙarar waje, sai hedifon ya fitar da kishiyarta ta danne ta. Gurnanin janareta tana maganinsa sosai, irin su Sony WH-1000XM4 da Bose sun ƙware a nan. Ihun yara da hon ɗin adaidaita kuwa za ka riƙa ji.

Sai dai ga aikinka, bulutut yana da ɗan jinkiri, baki ya motsa kafin magana ta iso maka. Kuma hedifon da aka cika wa bes, wato sautin nan mai kauri irin na ganga, zai yaudare ka, ka rage gangar da ba ta yi yawa ba. Nemi mai waya. Sony MDR-7506 tun 1991 yake a situdiyo, kuɗinsa wajen dala 100.

Maman Biyu:
Ni dai ƙanina ya turo min wani mai tsada daga Ingila. Bazara ɗaya ya gani, fatar kunnen ta fara ɓarewa saboda gumi, in cire shi in tarar da baƙin ɓurɓushi a ɗankwalina. Yanzu yana cikin durowa. Ka tambaya ko ana samun soson canji kafin ka biya.

Na Ƙofar Ruwa:
Ku ƙara da jabu. Kwali lafiya lau, tambari lafiya lau, sai ka sa a kunne ka ji kamar a cikin garwa. In aka ce maka AirPods Max ne na Apple, wanda ya fito a dala 549 a 2020, amma ana sallama maka shi a kuɗin buhun shinkafa, ka san inda aka dosa.

Ɗan Fagge:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Injiniya, to mai wayar nan zai tare min janaretan kuwa? Don shi ne babban ciwon kaina.

Injiniya Mai Rediyo:
Zai rage tunda yana rufe kunne ruf, amma ba zai kashe ba. Ka je da wayarka ka gwada a bakin titi, kar ka yarda da gwajin cikin shago.