Neman shawara: wane salon haruffa masu kauri zan sa a allon shagon kawu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni sabon shiga ne a aikin zane da kwamfuta, watana bakwai da farawa. Kawuna yana da shagon littattafai, ya ce in yi masa allon da za a kafa a saman ƙofa. Sharaɗinsa ɗaya ne, yana son haruffa masu kauri irin na kanun tsofaffin jaridu, waɗanda ke da 'yan ƙafafu a ƙarshen kowane harafi. Na zaɓi salon Bodoni mai kauri, a kwamfuta ya yi kyau matuƙa. Da aka buga gwaji na tsallaka titi na duba, sai na ga H ta koma sanduna biyu a tsaye. Ga kuma ƙ da ɗ na sunan shagon sun fito sirara, kamar ba 'yan gida ɗaya ba ne da sauran. Kawu bai ce uffan ba, amma na ga fuskarsa. Don Allah a taimaka min.

Tsohon ma'aikacin maɗaba'a: Wa alaikumus salam, ɗana. Kwantar da hankalinka, idonka ya gane kyau, wurin ne bai dace ba. Wanda aka sa wa salon sunansa, Giambattista Bodoni, maɗaba'i ne a birnin Farma na Italiya, ya rasu a 1813. Aikinsa na littattafai ne a kan takarda mai kyau, abin da ake karantawa a hannu. Layin tsaye kakkaura, na kwance siriri kamar gashi. Ko an ƙara masa kauri, na tsayen ne ke ƙiba, siririn yana nan yadda yake. Sai nisa da hasken rana su cinye shi.

Abin da kawunka yake nufi, a ganina, dangin Clarendon ne. Robert Besley ya fitar da shi a Landan a 1845, ya yi masa rajista a ƙarƙashin dokar kare zane ta Ingila, kariyar ta yi shekara uku kacal, tana ƙarewa sauran masu zubin haruffa suka yi ta kwaikwayonsa. Sirrinsa a ƙafafun yake. Masu kauri ne, kuma inda ƙafa ta haɗu da jikin harafi akwai ɗan lanƙwasa da ke riƙe ta, shi ya sa yake da ƙarfi amma bai zama bulo ba. Tun asali ana sa shi cikin ƙamus don kalmar da ake nema ta fito fili a tsakiyar rubutu, a da kuma an daɗe ana amfani da shi a allunan gandun daji na gwamnatin Amurka. Harafin da direba ke karantawa yana tafe ba zai gagari mai tsallaka titi ba.

Mai shagon buga kati: Ka gwada Cooper Black, ai babu wanda ya kai shi kauri.

Tsohon ma'aikacin maɗaba'a: Kauri kam yana da shi, tun 1922 da Oswald Cooper ya zana shi a Cikago. Amma gefunansa a zagaye suke, ya fi dacewa da shagon alawa ko burodi. Mai littattafai dattako yake nema.

Malamar Hausa: Ƙanena, ni batun ƙ da ɗ ya fi damuna. Yawancin tsofaffin salon Turai ba su da haruffanmu masu lanƙwasa. In kwamfuta ta nema ta rasa, sai ta aro daga wani salon ba tare da ta faɗa maka ba, abin da ya same ka ke nan. Kafin ka zaɓi komai, fara rubuta ɓ, ɗ, ƙ, manya da ƙanana, ka duba. Charis SIL da Noto Serif kyauta ne, suna da su, kuma suna da mai kauri na gaske. Doulos SIL yana da haruffan amma ba shi da mai kauri, in ka danna maɓallin B na ƙara kauri kwamfuta ce za ta kumbura shi, ramukan cikin haruffa su toshe. Kada kuma ka bari wani ya ce maka ka sa k kawai. Ƙafa daban, kafa daban, balle a ƙofar shagon littattafai.

Mai zanen allo da buroshi: Idan Clarendon ɗin da ka samu ba shi da ƙ, buɗe manhajar zane ta CorelDRAW ka mayar da rubutun zane, ka yanko ƙugiyar saman f ko ta r ka ɗora a kan k da d. Da yake daga jikin salon ta fito, kaurin zai zo daidai. Sannan ka ɗan buɗe tsakanin haruffan, masu kauri in sun matsu ƙafafunsu haɗewa suke daga nesa. Sunan shago kaɗai ka yi wa kauri, lambar waya ka bar ta da sauƙi.

Mai tambaya: Na gode iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Na duba, Clarendon ɗina ba shi da ƙ. Zan yi gwaji biyu, ɗaya da shi da ƙugiyar da zan ɗora, ɗaya da Charis SIL, in manna su a ƙofar da tsakar rana. Wannan karon tare da kawu za mu tsallaka titin.